Turancin Selvaratnam

A gonar shayin da muke aiki, can kan duwatsu sama da garin Hatton, ba wanda ake ji da Turancinsa kamar Selvaratnam. Shi ne mai awon ganye a bakin masana'anta. Duk buhun da aka sauke sai ya ɗora a sikeli, ya buga hatimi mai kalma ɗaya ta Turanci: "accepted", wato an karɓa. Shekara da shekaru yana buga wannan hatimi, har ya ɗauka ya san kalmar ciki da waje. In likita ya rubuta wa wani magani, ko 'yar wani ta aiko saƙo daga Kolombo, wurinsa ake kawowa. Sai ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya fassara. Bai taɓa cewa bai gane ba.

Ƙanen matarsa, Periyasamy, shi ke tuƙa motar ɗaukar ganye. Suna kiran juna machan kamar kowane surukai a wurinmu, kuma tsokana ba ta ƙarewa tsakaninsu. Periyasamy kan ce surukinsa ko atishawa da Turanci yake yi.

Wata ranar damina motar ta zame a gangare ta faɗa kwata. Selvaratnam na zaune a gaba, ya ga yadda Periyasamy ya taka birki har ƙasa motar ba ta ji ba. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai ganye ya lalace, gaban motar kuma ya lotse. Kowa ya san Periyasamy ya daɗe yana kukan birkin nan. Amma rahoton da shugaban gareji ya rubuta cewa ya yi direba ya sha giya, kuma gudu yake yi.

Kamfani ya turo wata mata daga babban ofis ta yi bincike, ba ta jin Tamil, yarenmu. Aka zauna a ofishin manaja, aka kawo wata ma'aikaciya mai suna Malar ta yi tafinta. Da aka kira Selvaratnam ya ba da shaida, Malar ta jawo kujera kusa da shi. Ya ɗaga mata hannu, ya ce da Turanci ba ya bukata. Ya sa farar rigarsa ta zuwa biki, mutane kuma sun cika taga suna leƙe.

Tambayoyin farko sun zo masa da sauƙi: suna, aiki, inda ya zauna a motar. Daga nan matar ta karanta rahoton gareji da sauri, da irin Turancin da ba ya tsayawa shan iska. Ya tsinci "direba", ya tsinci "mota" da "ruwan sama", sauran suka wuce shi. Yana ta gyaɗa kai. Da ta gama ta turo takardar gabansa, ta yi tambaya, ya ji kalmarsa ta kullum a ciki. Ransa ya yi sanyi. Ya miƙa hannu biyu ya ɗauki takardar cikin ladabi.

"Yes, madam. I accept."

Matar ta rubuta. Malar ta juya wurin Periyasamy ta faɗa masa da Tamil, a hankali, cewa mai shaida ya yarda abin da aka rubuta gaskiya ne.

A nan Selvaratnam ya gane. Ashe kalmar ba karɓa da hannu kaɗai take nufi ba. Ana karɓar buhu da ita, ana kuma amsa magana da ita, a ce haka ne. Abin da ya rage kawai ya buɗe baki ya ce bai fahimta ba, a sake. Ya dubi taga, ya ga fuskokin mutanen da suka saba kawo masa takardunsu. Ya dubi manaja. Ya yi shiru. Periyasamy kallonsa kawai ya yi, kallon da ba fushi a ciki, sai mamaki.

Aka sallami Periyasamy daga aiki, aka ce kuma ya shirya barin ɗakin kamfani da iyalinsa.

A layinmu magana ta rabu biyu. Wasu suka ce manaja ya saye shi, wasu suka ce tsohuwar gaba ce a kan gonar da mahaifin Periyasamy ya bari. Ba wanda ya kawo a ransa cewa Turanci ne ya kayar da shi. Abin da ya fi cinsa ke nan: ya ga an ɗauke shi maci amana, ya kuma ji wani ɓangare na zuciyarsa ya fi son hakan a kan a ce jahili ne.

Matarsa Kanagam ba ta yi masa faɗa ba. Takan zuba masa gurasar roti da miyar kwakwa, ta koma bayan ɗaki ta ci nata. Wata safiya yana ɗaura takalmi ta tsaya a ƙofa.

"Ji mana. Ƙanena ya sha giya ranar?"

"Bai sha ba."

"To me ya sa?"

Ya saki igiyar takalmin, ya faɗa mata gaskiya. Ya zaci za ta yi kuka ko ta zage shi. Sai ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Yara uku za su kwana a titi don kada a ce ba ka jin Turanci."

Bai je wurin sikeli ba ranar. Ya biya ta ofis ya roƙi Malar ta raka shi wurin manaja. Lokacin biyan albashi ne, baranda cike da mutane, ƙofar ofis a buɗe. Ya tsaya ya yi magana da Tamil, Malar na juyawa. Ya ce bai gane abin da aka karanta masa ba, ko rabi. Ya ce ya zaci takarda ake miƙa masa. Ya ce birki ne, kuma da idonsa ya gani. Manaja ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun a lokacin.

"Kunya, ranka ya daɗe."

Wani a baranda ya yi dariya, wata tsohuwa ta kwaɓe shi.

Ƙungiyar ma'aikata ta shiga maganar, aka sake zama, wani makanike ya tabbatar da batun birkin. An mayar da Periyasamy, amma ba kan motarsa ba, don an riga an ba wani. Tarakta aka ba shi ta kwasar taki. Selvaratnam ya koma sikelinsa. Samari suka sa masa suna Yes Madam, yana ji ya wuce kansa a ƙasa.

Periyasamy ya ci gaba da zuwa gaida 'yar'uwarsa, amma sai lokacin da ya san mijinta na wurin aiki. Haka aka yi har damina ta zagayo. Wata yamma Selvaratnam na hawowa daga masana'anta, ruwa ya tsuge, ba shi da laima. Tarakta ta zo ta wuce shi, ta yi gaba kaɗan, ta tsaya.

"Hau, machan. Ruwan nan ba yanzu zai ɗauke ba."

Ya hau ya raɓe a gefen taya, warin taki na dukan hancinsa. Haka suka tafi har suka iso layi.