Kalmar Bappayo ta Farko

Hafiza ta ɗaga kati na bakwai, mai hoton tuffa, ta ce, "Baffa, mene ne wannan?"

Bappayo ya dubi katin, ya dube ta. Leɓensa da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karkatar ya ɗan motsa, ba abin da ya fito sai yawu. Matarsa Hindatu ta goge masa da bakin mayafi.

Tuffa fa! Mutumin da ya yi shekara sittin yana bin shanu a bayan Lugbe, shi ake tambaya tuffa da jirgin ƙasa. To, katunan da asibitin ke da su ke nan. Su aka miƙa wa Hafiza ranar da ta kama aiki, mako uku da suka wuce, daga gama karatun gyaran magana.

A mako ukun nan ta ga mutum goma sha tara, ba wanda ya ce mata uffan. Makon farko ta yi kuka a bas ɗin Utako. Na biyu ta ji haushi. Yanzu kam ba ta jin komai. Ta zo, ta ɗaga kati, ta rubuta sifiri, ta koma gida ta ci abinci ba ta san me ta ci ba.

Da safe shugabarta, Madam Serah, ta tare ta a baranda. "Hafiza, wannan tsoho na gado shida, yau za a sallame shi. In ya kawo kalma ko ɗaya, ki rubuta, mu sa shi a layi yana zuwa kowace Talata. In babu, babu. Mutum arba'in yana jira, kin ji ko?"

Ta ji. In fom ya fita da sifiri, Bappayo zai koma ruga da bakinsa a kulle, ba mai sake bi ta kansa.

Ta ajiye katunan. A makaranta an koya musu cewa in hoto ya ƙi, a koma ga sunan wanda majinyaci ya fi shaƙuwa da shi. Ga ɗansa nan tsaye a ƙarshen gado, dogo, gemunsa ya fara furfura. Kwana tara ke nan shi ke juya uban, shi ke masa wanka.

"Malam, yaya sunanka?"

"Murtala."

"Matso nan ya gan ka." Ta juya ga tsohon. "Baffa, wane ne wannan? Faɗi sunansa."

Hindatu ta ce, "Likita..." Murtala ya sunkuyar da kai. Hafiza ba ta kula ba. A Wuse ta girma, cikin birni, a gidan da babanta ke ƙwala wa kowa kira da sunansa daga saman bene, ga shi kuma agogo take kallo.

"Haɗa leɓe, Baffa. Mmm. Yawwa. Mur."

Ta kama hannunsa mai lafiya tana buga shi a katifa, gaɓa-gaɓa. Mur, ta, la. Tsohon ya kau da kai, ta zagaya ta tare shi. Ya rufe ido, ta ce, "A'a, Baffa, kar ka gudu. In ba ka faɗa ba, ba za su bari ka dawo ba." Sau goma. Sau ashirin. Na gadajen kusa suka bar hira suka zuba ido. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Bappayo.

"Mur...ta...la."

Muryar ta fito a shaƙe. Mai gado biyar ya ce, "Allahu Akbar!" Hafiza ta jira ta ji daɗi, daɗin bai zo ba. Ta dai ce, "Madalla, Baffa," yadda aka koya mata.

Hindatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Bappayo ya yunƙura da ƙyar ya juya wa kowa baya, hawaye na bin gefen hancinsa. Murtala ya fice.

Hafiza ta same shi a baranda, ya dafa ƙarfe yana kallon motoci.

"An dace, Malam. Zai shiga layin Talata."

"Likita, ni ne ɗan fari."

Sai ta tsaya. Ta sani mana, wa bai sani ba? Ba a kiran sunan ɗan fari, balle a gidan Bafulatani. Ta sha ji a bakin kakarta. Tambaya ce kawai ba ta yi ba.

"Shekarata arba'in da uku," ya ce. "'Kai' yake ce mini, ko 'wancan'. Ko ranar da rafi ya ja ni ina yaro, 'kai' ya ƙwala."

"Ka yi haƙuri. Wallahi ban..."

"Kin sa shi jin kunya a gaban mutane. Da wuya ya yarda ya sake haɗa ido da ke."

Ta ɗora fom ɗin a kan ƙarfen, ta rubuta ɗaya a inda ta saba rubuta sifiri, ta sa hannu.

Murtala ya juya zai koma ciki, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Bai dube ta ba.

"Ban ji ƙarshen sosai ba," ya ce a hankali. "Mutumin can ya yi kabbara a kai. In mun zo ranar Talata, ki sa ya ƙara faɗa."