Keken Ɗinkin da Aka Ƙwato Sau Uku

Da aka sace wa Mai Ɗinki kekenta, maƙwabta suka ce ta bar wa Allah, kada ta kuskura ta kai ƙara wurin 'yan sa-kan nan da gwamnatin jiha ta raba wa kaki da takalma. Ba ta ji ba. Tun rasuwar mijinta keken nan ne cinta, shi ne shanta.

Abin mamaki, sai ga shi sun samo. Gaskiya ɓarawon ne nauyi ya ishe shi ya yar a bayan makaranta, amma dai sun samo. Ta tafi ofishinsu baki har kunne, ta tarar da keken a kan benci, an ɗaura masa jan ƙyalle.

Kwamandansu, wanda kowa ya sani da facin taya kafin ya samu hula, ya tare ta.

"Inna, wannan yanzu shaida ce. Sai manya sun gani tukuna."

Manya kuwa ba su ƙarewa. Duk baƙon da ya zo, sai a fito da keken tsakar fili, a jera adduna biyu a gefensa, zaratan su tsaya a baya suna muzurai. Da idonta ta gan shi a talabijin an ƙwato shi daga 'yan fashi. Bayan kwana biyu aka sake ƙwato shi daga ɓarayin daji. A karo na uku har da wai an yi musayar wuta. Takaici ya hana ta barci, waɗanda suka kawo mata ɗinki kuma suka fara zuwa suna kwashe yadinsu.

Ranar da haƙurinta ya ƙare, ta ƙunso sauran yadin ta dire a gabansa.

"Ɗan nan, tunda keke ba zai zo gida ba, ni na zo wurin keke."

Ya sosa ƙeya, ya ce doka ba ta hana ba. Ta zauna a bakin ofis tana taka abinta, tana yi musu gyaran wando kyauta don a zauna lafiya.

Tana cikin ɗinki wata rana sai ga motoci da masu kyamara. Kafin ta tashi, Kwamanda ya dafa kujerarta, ya gyara murya, ya yi dogon jawabi da Turancin da ba ta ji. Aka yi tafi. Wata baƙuwa ta rungume ta tana share hawaye, ita kuwa ta yi murmushi don kada a ce ba ta da kirki.

Da yamma 'yarta ta bugo waya daga gidan mijinta, kuka ya ci muryarta.

"Mama, yanzu na gan ki a labarai! Wata nawa kika yi a hannun masu garkuwa, ba wanda ya gaya mini?"