Ƙwallayen da Na Ci a Ragar Ɗanjummai

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a wata ƙasa da ko'ina ƙanƙara ce, har titi, har harabar masallaci. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Na duba ƙafata na ga takalmi mai wuƙa a ƙarƙashi, a hannuna kuma sanda mai lanƙwasasshen baki. Wata tsohuwa da ta wuce ni da sulɓi ta ce wasan hoki ake yi a nan, ƙwallon sanda a kan ƙanƙara, shi ne sana'a, shi ne asali. Duk wanda ba ya cikin ƙungiya nauyinsa zubewa yake, ruwa ya tafi da shi sama, kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru mai tabarau ne shugaba. Ya ce ba a ɗaukar kowa sai da takardar tarihin wasansa: inda ya buga, abin da ya ci, irin bajintarsa. Na ce ni ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin zoɓo. Ya ce wannan ba hujja ba ce, in je in rubuto.

Na zauna da biro, hannuna ya ƙi. Tun ina ƙarami aka koya mini yabon kai jahilci ne, kuma iya karance-karancena ban ga inda aka soke wannan ba. Sai na yi abin da kowane mai kunya zai yi: na nemi maroƙi ya yabe ni. Wanda na samu zabo ne, yana da keken rubutu a gindin wata bishiyar ƙanƙara. Ya tambayi sunana kawai, ya hau bugawa yana kirari. Barau giwar sulɓi, Barau da ya ci ƙwallo har raga ta yi kuka. Na ji kunya ƙwarai. Na kuma ji daɗi, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Bunsurun ya karanta yana gyaɗa gemu, sannan ya ɗago.

"Ƙwallayen nan, a ragar wa?"

Na ce ban gane ba. Ya ce ba a cin ƙwallo sai an ci wani. Dole a sa sunan mai tsaron ragar. Zabon ya leƙo ta taga ya ce in ba da kowane suna, cike gurbi ne. Sunan da ya zo bakina shi ne na Ɗanjummai tela, maƙwabcina, wanda muke raba katanga da shi, mutumin da bai taɓa hana ni aron tsani ba.

Ina rufe baki na gan shi a tsakiyar fili, tsaye a bakin raga, tef ɗin awo a wuyansa. Ashe shi ne golan ƙungiyar. Bunsurun ya fara karanto ƙwallayena da ƙarfi. Kowace ya ambata, sai ƙafata ta ƙara kama ƙasa, Ɗanjummai kuma ya ƙara sauƙi. Diddigensa ya ɗaga. Ruwa ya shiga ƙarƙashin rigarsa ya kumbura ta.

Na sulala da gudu na cafke idon sawunsa, yana daidai kaina.

"Maƙwabci, sannu da ƙoƙari," in ji shi. "Ashe haka ka iya wasa ba ka taɓa faɗa mana ba?"

Na ce ƙarya ce, ko ɗaya ban ci ba. Ya ce ai a rubuce take. Ya roƙe ni in sassauta riƙo, wandon na mutane ne, gobe za a zo karɓa. Ya ce in gaya wa iyalinsa makullin shago yana ƙarƙashin turmi.

Teburin bunsurun ya matso gefena da kansa. A ƙasar nan ba a buga hatimi; in an amince da takarda, cinye ta ake yi. Bunsurun ya riga ya fara daga sama, ya cinye sunana. Na kai ɗaya hannun na riƙe gindin takardar. Ya ce, da baki cike, in na fizge ta ni zan tashi, Ɗanjummai ya sauko. In na bar ta, na zama ɗan wasa. Na ce ba ni na rubuta ba, zabo ne.

"Wa ya ba shi suna?" in ji shi, ya ci gaba da tauna.

Hannu ɗaya ana ja sama, ɗaya ana ja gefe. Na ji ƙarfina ya ƙare, na san dole ɗayansu ya buɗe. Na rufe ido. Na ji yatsuna sun saki.

Ƙarar keken ɗinki ce ta tashe ni, daga bayan katanga, tana tsayawa tana ci gaba. Na daɗe a kwance ina kallon tafin hannuwana biyu. Har yanzu ban san wanne ne ya buɗe ba, kuma ban iya fita na gaishe shi ba tukuna.