Duwatsun Kakanninmu a Bakin Masai

Mu 'yan ƙabilar Munda ba ma rubuta suna a kan kabari. Faffaɗan dutse muke kwantarwa a kan ƙasusuwan mamaci, kuma kowane gida ya san nasa. Inda dutsen kakanka yake, nan ne ƙasarka. Da wannan muka dogara lokacin da muka nemi gwamnati ta tabbatar mana da dajin bayan ƙauye, inda muke tsintar furen bishiyar mahuwa mu ci, mu sayar.

Dajin ba su ce komai a kai ba. Masai suka aiko mana, wai kowane gida sai ya samu ɗaya, kamar mun kai musu kukan inda za mu tsuguna.

Ɗan kwangilar, wani mai tumbi da ake kira Caube, ya zo a lokacin da mahuwa ke zuba, ƙauye duk yana daji. Kuɗin siminti ya shige aljihunsa, sai ya hango duwatsu shimfiɗe a gindin tsamiya. Kafin mu dawo da kwandunanmu an kwashe su, an huda tsakiyarsu, an rufe ramukan masai da su.

Kakata Jhingi ta tare shi a hanya. "Kai, ɗan banza! Mijina ka ɗora a kan rami?"

"Haba Iya, dutse ne fa," in ji shi yana sakace. "Da akwai mutum a ciki ai da ya yi magana."

Ba wanda ya taɓa shiga masan nan. Kaka takan je da safe ta shafa wa dutsen mai, ta zuba masa giyar shinkafa, ta ba shi haƙuri.

Da lokacin girbi ya yi, malamin daji ya zo duba shaidar cewa mun daɗe a wurin. Muka kai shi gindin tsamiya. Ciyawa ta riga ta cinye gurabun.

"Ina kaburburan?"

Kaka ta ja shi har bayan gidanmu, ta buɗe ƙyauren kwano. "Ga mijina Mangra nan, ranka ya daɗe. Na gidan Birang kuma uban mijina ne."

Ya toshe hanci, alhali ko ƙuda babu a wurin. "Tsohuwa, ni masai nake gani, ginin bana. Wa zan je in gaya wa wannan kabari ne?"

"To ku ɗaga shi ku mayar inda kuka ɗauko!"

"Kayan gwamnati ne yanzu. Wanda ya taɓa shi zai kwana a ofishin 'yan sanda."

Kafin mahuwa ta sake zuba an ja waya an kewaye dajin. A satin nan aka turo mai hoto daga birni, wai ƙauyenmu ya fi kowane ƙauye tsabtar masai. Ya iske Kaka durƙushe tana shafa mai, ya ce ta ɗago kai ta yi murmushi.