Durƙuson da Na Yi a Kambodiya

Hoto ɗaya ne ya jawo mini, kuma Murjanatu ce ta ɗauke shi, ƙawata mai ƙaiƙayin hannu, wadda ko akuya ba ta wucewa ba ta ɗaga waya ba.

Kwas na wata uku ne ya kai mu Malesiya, ni da ita da wata ƙawarmu Firdausi. Da aka ba mu hutun mako sai muka ce bari mu leƙa Kambodiya, tunda mun zo kusa. Mun ga gari guda a kan ruwa, gidaje da makaranta da shaguna duk suna lilo, mata na zuwa cefane a kwalekwale. Har masallaci muka samu, muka yi azahar da musulmin wurin. Wannan kam Murjanatu ba ta ɗauka ba, wai cajinta ya ƙare.

Washegari muka je tsofaffin gine-ginen dutse na mutanen ƙasar, waɗanda saiwoyin itatuwa suka nannaɗe. A wani lungu na ga tsohuwa zaune a kan tabarma, kai a aske, babu haƙori ko ɗaya, tana gyara furanni. Za ta yi sa'ar Iya, kakata. Ban tsaya wani tunani ba, na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe ta, don a gidanmu ba a wuce tsoho a tsaye, kuma na sha mafici a hannun Iya a kan haka. Tsohuwar ta yi dariya ta shafa mini kai. Ashe akwai ƙaton gunki a bayanta, ita kuma ginshiƙi ya kare ta a hoton. Sai ga ni ni kaɗai, ba takalmi, gwiwa a ƙasa, gaban dutse mai fuska.

Kafin in dawo gida hoton ya fita daga wayar Murjanatu, ya zaga garinmu Zango ya kai Daura. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu daga ajina na Islamiyya, ajin da na shekara tara ina riƙe da shi. Malam Sha'aban, shugaban kwamitin makarantar, ya aiko cewa in zo in tuba a gaban dattawa ko in bar ajin. Murjanatu ta je ta rantse masa cewa tsohuwa na gaisar, ya ce shi abin da ya gani ya gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son yaran nan, kuma ban san laifin da zan tuba a kansa ba.

Ranar Asabar da hantsi na sami dattawan a zauren makaranta, su bakwai a kan tabarmi. Na yi sallama, na tsaya ƙyam a bakin ƙofa da takalmina.

Malam Sha'aban ya dube ni sama da ƙasa. "Adawiyya, haka Iya ta koya miki gaida manya?"

"Allah gafarta Malam, abin da ta koya mini ne ya kawo ni nan. Tsohuwa na gaisar, kun ce bauta ce. Tun ina ƙarama nake durƙusa muku. In bauta ce, to yau na daina."

"Ke, mu ai mutane ne!"

"Ita ma mutum ce, Malam. Hannunta har da ɗumi."

Wani dattijo ya shiga gyaran hula. Malam ya ce shi bai kira ni musu ba, ko in faɗi kalmar tuba ko in ajiye makullin aji. Na tuna yarana talatin da biyu da suka kusa sauke izu biyar, idona ya cika. Na kwance makullin daga bakin mayafina na ajiye a gefen tabarma.

Da na juyo sai na ga Iya zaune a kan dakalin waje da sandarta. Ban san ta biyo ni ba. Na tuɓe takalmi a nan inda duk suke kallo, na durƙusa har ƙasa.

Ta ce, "Ita tsohuwar can, da kika gaishe ta, ta amsa?"

"Ta amsa, Iya."

"To madalla. Kama ni mu tafi gida."