Dokar Cire Takalmi

Shekara talatin da huɗu Farfesa ta yi tana leƙen ƙofofin da ido bai taɓa gani ba. A jikin kowace ƙwayar jijiya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙofofi da ke buɗewa su rufe, gishirin jiki ya wuce, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Maigidanta ya daɗe da taƙaita aikin: "Matata maigadi ce, sai dai ƙofar tata ba ta da kwaɗo."

Yau take ajiye aiki, kuma ranta ba daɗi. An ce masana sun ambaci rubuce-rubucenta sau dubu tara, to amma babbar takardar da ta fito da sunanta, bara aka gano kuskure a cikinta. Wa ya gano? Gaggawa, ɗalibarta ta dā, wadda ta samu laƙabin saboda ta taɓa fasa tsinken gilashi arba'in kafin la'asar. Yanzu ita ce shugabar sashe. Farfesa ta taya ta murna a takarda, a zuci kuwa tambaya ɗaya ke cin ta: in an cire wannan aikin, me ta bari?

Ana gama jawaban taron ban kwana Gaggawa ta kamo hannunta. "Mama, zo ki kama mana ƙofa ɗaya kafin ki tafi."

"Da wannan hannun? Shayi ma sai na zubar da rabi."

"Ni zan riƙe tsinken. Ke dai ki zuƙa."

Shekara shida rabon Farfesa da ɗakin awo, tun da hannunta ya fara rawa, har aka mayar da shi sabon gini ba ta leƙa ba. A bakin ƙofa ta ci karo da takalma jere, ƙafa takwas, ga takarda an manna: A CIRE TAKALMI. DOKAR FARFESA.

"Wace Farfesar?"

"Ke mana. Ai ba mu taɓa ganin kin yi awo da takalmi ba. Mun gane yana jawo hayaniyar lantarki a layi. Duk ɗalibanki haka suke yi, a ƙasa biyar. Wani ma ya sa shi a littafin koyarwa."

Farfesa ta dafa bango, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. "Hayaniyar lantarki! Ke, matse ni yake yi! Maigida ne ya sayo mini shi, lamba ɗaya ya rage, na ji nauyin faɗa masa. Daga baya abin ya bi jikina."

Gaggawa ta dubi ƙafafunta, ta dubi takardar. Shekara ashirin ke nan tana shan sanyin siminti.

Suka shiga dai, ba takalmi. Gaggawa ta sa ido a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta sauke tsinken gilashin a hankali har bakinsa ya taɓa ƙwayar jijiyar. Ba alamar gaggawa a hannun nan. Farfesa ta sa siririn bututun roba a baki. Nan ne gwanintar take: ka zuƙa da ƙarfi ƙwayar ta fashe, ka yi sako-sako ta ƙi mannewa. Ta ja kaɗan, kamar mai ɗanɗana abu mai zafi. Layin da ke allon na'urar awo ya kwanta lamo, sannan ya yi tsalle ya dawo.

"Ta buɗe!" in ji Farfesa, kamar ɗalibar shekarar farko.

"Sau ɗaya ke nan," in ji Gaggawa, ba ta ko ɗago ba. "Ba a yarda da ƙofa sai ta buɗe a ƙwaya uku, ko da kuwa Farfesa ce ta rantse. Ke kika faɗa mini, ranar da na fasa gilashin nan. Da wannan ƙa'idar na sake auna takardarki, Mama. Kwana uku na yi ina kuka kafin na aika da gyaran."

Kunya ta kama Farfesa, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Ta share ido da bayan hannu, ta gyara zama.

"To me kike jira? Ɗauko ta biyu."

Sai da suka cika ukun. Da za su fita, Gaggawa ta kai hannu za ta yage takardar, Farfesa ta riƙe ta.

"Bar ta. Sai kin auna, da takalmi da babu, sau uku-uku."