Noti na Shida

Wajen sha biyun rana motar kaji ta shigo garejin Dogo tana ɗingishi, tayar baya ta yi faci. Direban mijin ƙanwarsa ne. Ya diro tun kafin injin ya mutu.

"Yaya, taimake ni. Kaji ɗari huɗu ne a baya, duk abin da muka kiwata ni da ƙanwarka. In suka yi awa ɗaya a tsaye a wannan zafin, sun gama."

Dogo ya leƙa kejin. Kajin sun buɗe baki, sun saki fukafukai, ko kukan kirki babu. Ya sa jak, ya ɗauko sifana. Noti biyar suka kwance ba gardama. Na shida ya ƙi. Tsatsa ta cinye shi har ya haɗe da ƙarfen da yake kai.

Ya zuba masa kananzir, ya jira, ya gwada. Ya ƙara da man birki, ya bubbuga da guduma. Ko motsi. Sai ya zura bututun ƙarfe a hannun sifanar ya danna da duk ƙarfinsa, nan take tsagar da ke gindin babban yatsansa ta buɗe. Sati uku ke nan hannuwansa suna tsattsagewa saboda fetur da sabulun wanki, yana ta ɗaure su da tsumma. Yanzu jini ya bi sifanar, ta fara zame masa.

"Bari in hau kai in taka," in ji Direba.

"Kar ka soma! In sifanar ta cinye kan notin, sai an yanka shi, kuma mai walda ba ya nan sai yamma."

Direba ya koma yana yayyafa wa kajin ruwa da kofi. Can ya ciro guda ɗaya ta ƙafa, wuyanta na reto, ya ajiye a ƙasa. Ya ciro ta biyu. Dogo ya dubi kajin biyu a ƙasa. Ya san yadda ƙanwarsa ta kwashe wata biyu tana ɗawainiya da su, ga tsohon ciki.

Ana haka mahaifiyarsu ta iso da kwanon abincinsa. Shekara talatin ta yi tana kawo wa marigayi babansu abinci a garejin nan. Ta dubi notin, ta dubi hannun.

"Kana da kyandir?"

"Umma, don Allah, ba yanzu ba."

"Tambayarka na yi. Ka gasa shi da wuta, ka goga masa kyandir. Babanku haka yake yi."

Dogo ya sha jin wannan, bai taɓa yarda ba. Amma dabararsa ta ƙare. Ya sace sauran iskar tayar, ya sa Direba ya jiƙa buhu ya rufe robar, ya kunna ƙaramar tukunyar gas. Tankin man motar bai fi taku biyu daga wurin ba. Da notin ya ɗauki zafi ya kashe wutar, Umma ta miƙo guntun kyandir daga cikin akwatin kayan aiki. Ya dangwala. Kakin ya narke, ya yi hayaƙi, ya shige ciki.

"Jira tukun," ta ce. "Kawo hannun."

Ta wanke masa da sukari da man girki har baƙin ya fita, yana cije leɓe. Ta narka ɗan kakin da basilin a murfin gwangwani, ta cike tsagar, ta ɗaure da gefen mayafinta da ta yaga.

Ya kama sifanar. Ya ja a hankali. Shiru. Ya sake ja, sai notin ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya juya.

Cikin minti goma aka ɗaura safaya, motar ta fita. Kaji bakwai suka bari a ƙasa.

Dogo ya kasa cin abincin. Ƙarfen da ya gasa ne ya tsaya masa a rai, ko zai riƙe har can. Ya zauna da waya a gwiwa, ya kira Direba sau uku ba a ɗauka ba. Sai bayan la'asar ta yi ƙara.

"Yaya, mun iso. Huɗu sun ƙara mutuwa a hanya, sauran an sauke."

"Tayar fa?"

"Lafiya lau."

"Gobe ka dawo da ita in canza ƙarfen nan. Kuma kar ka wuce gudun sittin."